Bawul Shida

Mu biyu muka ɗauko shi, ni da Sagir,
kamar majinyaci, a bayan Keke Napep,
daga Ƙofar Marusa har Rafin Daɗi.
Na rungume shi a cinya,
katakonsa na ƙamshin ɗakin Baba:
tsohuwar takarda, man zafi, ɓawon goro.

Sagir bai huta ba tun daga zaure.
"Yaya, kuɗin gyaran nan
ya sayi sifika uku a Babbar Kasuwa.
Ga ta kamar mangwaro, ka jefa aljihu,
ba ruwanta da nepa, ba ruwanta da ɓera."
Na ce na ji.

Iro ya kwance ƙusoshi huɗu,
ya jera su a murfin kwalba, ya hura ciki.
Gidan zanzaro ya faɗo,
sai busasshiyar tsaka,
sai rasit na kantin wani Kwara, tawadarsa ta koɗe.
Bawul shida a tsaye kamar sahun asuba,
biyar da ransu, ɗaya ya yi furfura a ka.
"Wanga ya sha iska," in ji Iro,
"ya riga mu gidan gaskiya."

Ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci.
Cikin auduga, ƙwayaye na gilashi,
ya tsince su ranar da aka rushe silima
aka yanka filin shaguna.
"Saura ukku gare ni. In sun ƙare, ni ma na ƙare."
Ya yi dariya, ya ɗora ƙarfe a wuta,
hayaƙin dalma ya miƙe siriri
ya lanƙwashe a bakin tabaransa.

Kwana goma sha ɗaya muna zarya.
Yau babu wuta, gobe kondansa ya ƙi,
jibi Iro ya tafi suna Batagarawa.

Ba zan yi wa sifikar Sagir ƙarya ba:
muryarta tas, ba shuu, ba tari.
Ka taɓa ta, wata mata ta amsa da hanci
tun yatsanka bai ɗaga ba.
Sai dai ba ta da ƙusa ko ɗaya,
da gam aka rufe bakinta,
ranar da ta mutu ba mai leƙa cikinta.
Wannan ce ta uku da ya saya bana.

Ran Talata aka kawo wuta da la'asar.
Iro ya murɗa.
Shiru.
Sagir ya fara murmushi, Iro ya ɗaga yatsa.
Can ciki wani ja ya tsiro,
kamar garwashin da aka tone da safe.
A wannan ɗan tsakanin Baba ke ɓare goro,
ya miƙa wa Inna rabi,
kafin duniya ta shigo ɗaki.

Sai gurnani, ƙasa-ƙasa.
Allura ta bi garuruwan da ke rubuce a gilashi,
yawancinsu sun kulle ƙofa,
sai ruwa kan kwano, sai fito daga nesa.

"Yaro, kawo wayarka."
Ashe ya ja wata igiya ta baya.
Sagir ya laluba, ya rasa me zai saka,
yatsansa ya sauka kan tsohon saƙo:

"Sagir, in ka biya ta Ƙofar Guga
ka tambayo mini kuɗin taki.
Kuma ka rage gudu da babur ɗin nan."

Daƙiƙa tara.
Sau ɗari mun ji shi a waya, kamar sauro a kunne.
Yau ya fito da ƙirjinsa,
har da numfashin da yake ja kafin "kuma".
Mai shayin gefe ya tsaya da ludayi a sama.

Sagir ya ƙirga rabin kuɗin, bai dube ni ba.
A Napep shi ya karɓe shi a cinya,
yana cewa ya cika nauyi, zai sha mana wuta,
bawul ɗin ma saura biyu a garin nan.
Duk gaskiya ne.
Ya ce da direba ya bi ramuka a hankali.